Makin Bikili

Kurugu, Karaye
Farkon watan Yuli

Zuwa ga Yaya Nasiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Ummu Hani da yara. Ya aiki, ya zaman Ibadan? Mu nan sai godiya. Damina ta zauna, an gama noman fari, gyaɗa ta yi kyau. Har yanzu ina gida wajen Baba, maigidana ya ƙara mini wata guda, shi yana can garin Fulatan tare da yaran.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. 'Yar ƙaramar wayata ta faɗa rijiya wajen jan ruwa, wadda ka kawo wa Baba kuwa ba ta barin hannunsa, duk saƙon da ya shigo shi zai fara gani. Shi ya sa na ba Sabi'u direba, mai ɗaukar hatsi daga kasuwar Rogo zuwa wajenku.

Jikin Baba da sauƙi, amma ɓarin dama da ya shanye bai saki ba. Magana tana fita a karkace, mu da muka saba muna ganewa. Abin da ya dame ni cin abinci ne. Likita ya ce maganin nan ba a shan sa da ciki wayam, shi kuwa Baba wani lokaci sai ya yi kwana biyu bai sa komai a baki ba sai ruwa.

Na gano dalili, kuma a wajenka maganin yake. Wasan dawakin nan ne da ka sa masa a waya lokacin da ka zo dubiya. Dokin da aka ba shi ya sa masa suna Bikili, sunan wanda yake hawa zuwa ƙauyuka sa'ad da yake magatakardan dagaci. Da ɗan yatsa ɗaya na hagu yake ba shi harawa, ya goge shi, ya kai shi horo, kuma ba ya shan koko sai dokin ya karya. Da farko dariya nake yi. Amma duk Juma'a akwai wata gasa ta dawakai goma, kullum Bikili na tara ko na goma. Da sakamakon ya fito sai Baba ya juya wa bango fuska, ni kuma in kwashe kwanon tuwo yadda na kawo shi.

A gefen sunan dokin akwai wata lamba, arba'in da ɗaya. Na sama kuwa nasu casa'in da wani abu. Me lambar nan take nufi? Me Baba yake yi ba daidai ba? Don Allah ka yi mini bayani yadda zan gane, ka san ni da Turanci sai a hankali.

Taka ƙanwa,
Juwairiyya

Ibadan
Tsakiyar Yuli

Ƙanwata Juwairiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, Ummu Hani tana gaishe ki. Allah Ya ba Baffa lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Waya a rijiya kuwa ban yi mamaki ba, tun kina yarinya komai kika riƙa sai ya nemi ƙasa.

Ga karatun da kika nema. Matsayi daban, maki daban. Matsayi shi ne na nawa doki ya zo, wannan ya danganta da waɗanda ya tarar a fili. Maki kuwa nasa ne shi kaɗai, a kan ɗari ake ba shi, kuma ita ce lambar da kika gani. Horo yana ɗaga shi. Ƙoshi da hutu suna ɗaga shi. Akwai 'yar sa'a ta ranar gasa, wadda ba ta wuce maki ɗaya ko biyu, sama ko ƙasa. Amma duk waɗannan a cikin shinge suke yawo, shingen kuwa gado ne. Ranar da aka haifi doki ake duba ubansa da uwarsa a yanka masa iyaka, daga nan ko zuma za a riƙa ba shi ba zai tsallaka ba.

Bikili dokin kyauta ne, irin wanda ake miƙa wa kowane sabon shiga don ya koyi riƙon linzami. Iyakarsa hamsin. Masu hankali sukan haɗa shi da goɗiya mai kyau su sami ɗa, su haɗa ɗan su sami jika, shi kuma su sallame shi. Baffa ya zauna yana goge shi kamar amarya. Ba abin da yake yi ba daidai ba, dokin ne ba doki ba.

Tun da kin ambaci na sama, Akawal, dokin da yake zuwa na ɗaya, nawa ne, na biyu da na uku ma nawa ne. Ni nake shirya gasar Juma'ar, ni na sa wayar Baffa a ciki. Zuriya bakwai na bi kafin in sami Akawal, waɗanda na zubar a hanya ban san adadinsu ba.

Ina mamakin a ce wannan lissafi ya ba Baffa wuya, alhali a wajensa na koye shi. Ke ba a haife ki ba a lokacin. Wata rana da la'asar ya fito da Bikili na gaske ƙofar gida, yana ɗora yaran gidan ɗaya bayan ɗaya, a zaga da su a sauke. Da layi ya zo kaina na ɗaga hannuwa sama. A gaban mutanen da suke zaune a dakali ya ce, "Sauke hannunka. Ɗan gurgu ba ya hawa doki, sai ya koya masa ɗingishi." Aka fashe da dariya. Mahaifina Ilu, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, yana zaune da sandarsa, shi ma ya yi dariyar, don a gidan yake cin tuwo. Ni kuma na tsaya da hannu a sama don ban gane da ni ake ba.

To ki gaya masa haka abin yake, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mai rarrafe kuma ba ya haifar barewa. Ki ba shi haƙuri ya ci abinci.

Yayanki,
Nasiru

Kurugu
Ƙarshen Yuli

Yaya Nasiru,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Jikin Baba ya ɗan ja baya, Juma'ar da ta wuce Bikili ya zo na goma, har Lahadi ban samu ya sha kunu ba.

Na karanta takardarka a bayan rumbu, na yi kuka har Inna Talatu matar Baba ta leƙo ta zaci rasuwa aka yi. Ranar da ka kawo wayar nan, ka durƙusa a gabansa kana nuna masa inda zai danna, na ce a raina Allah Ya yi wa Yaya Nasiru albarka, duk 'ya'yan gidan nan ba wanda ya yi tunanin abin da zai ɗebe masa kewa sai kai. Ashe tarko ka ɗana, ka koma Ibadan kana leƙawa duk Juma'a.

Ba zan kare Baba ba. Na san bakinsa, ni ma ya sha yanka ni da shi, kuma abin da ya faɗa maka bai kyautu ba ko kaɗan. Amma mutumin da ya faɗa maka maganar nan ba shi ne a ɗakin nan ba. Wannan ni nake juya shi, ni nake share masa miyau. Ƙafar da ya yi wa Baffa Ilu gori da ita, yau tasa ko ɗingishin ba ta iya yi. In ramuwa kake nema, an riga ka.

Abu ɗaya nake roƙo, don zumunci, in kuma zumuncin ya ƙare to don Allah. Tun da gasar a hannunka take, ka janye dawakanka sau ɗaya. Ka bar Bikili ya zo na ɗaya ko da Juma'a guda ce, ya ga kofin nan da ake nunawa, ya ci abinci da daɗin rai. Ba zai taɓa sanin na roƙe ka ba. Kai ba abin da zai ragu a jikinka.

Ina jiran amsa ta hannun Sabi'u.

Juwairiyya

Kurugu
Tsakiyar Agusta

Yaya Nasiru,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Sabi'u ya je ya dawo har sau biyu hannu wayam, na ce ko fushi ka yi da takardata. In ta yi zafi ka yi haƙuri, zuciya ce. Yau labari mai daɗi na kawo, da kuma wani roƙon da ya soke na farko.

Da na ga shiru, sai na ce bari in gwada gaskiya. Na zauna kusa da Baba na ce na tambaye ka yadda makin yake, na karanta masa bayaninka, na tsallake abin da ya kamata a tsallake. Ban gaya masa dawakan sama naka ne ba. Da na zo wajen iyakar hamsin na zaci zai jefar da wayar. Sai ya ce, "Hamsin? Yanzu yana nawa?" Na ce arba'in da ɗaya. Ya ce, "Ashe da sauran tara. Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Yaya, tun ranar mutumin nan ya zama wani daban. Ashe da can kullum yake kai dokin horo har ranar gasa, ya shiga fili a gajiye. Yanzu Alhamis hutu ce. Ya gano Bikili ya fi rauni wajen juyi, sai ya mayar da horon can. Juma'ar farko ya sami arba'in da uku, ta biyu arba'in da shida. Duka biyun na goma ya zo, ko kallon wajen bai yi ba. Ranar arba'in da shida malmala biyu ya ci da miyar kuɓewa, ya ce a ƙara masa man shanu.

Har motsa jikin da likita ya ce a yi masa, wanda da sai an yi rigima, yanzu shi yake nema. In ya sa Bikili a horo sai ya ce in kama masa hannun dama mu ɗaga, wai ba zai sa dabba aiki shi yana kwance ba. Shekaranjiya babban yatsansa ya motsa, na gani da idona. Malam Kabir, malamin firamaren nan maƙwabcinmu, ya tsokane shi ya ce, "Alhassan, dokinka dai kullum shi ke rufe ƙofa." Baba ya ce, "Bar su su wuce, mu da makon jiya muke tsere."

Saboda haka don Allah ka manta da abin da na roƙe ka. Kada ka taɓa komai. Ka bar Akawal ɗinka ya ci kofinsa, ka bar mana makinmu. Yanzu Baba ya iya duba lambar kowane doki, in aka yi masa wata dabara zai gane, kuma ka san shi, gara ka mare shi da ka ji tausayinsa. Na ce wa Sabi'u ya sa takardar nan a hannunka da ya isa, kada ya ba kowa.

Ko da wace niyya ka rubuta bayanin nan, ya yi amfani, kuma na gode.

Ƙanwarka,
Juwairiyya

Ibadan
Ƙarshen Agusta

Juwairiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ruwa da ya hana mu sakat. Na ji daɗin labarin yatsan Baffa, Allah Ya ƙara sauƙi.

Ba fushi na yi ba, aiki kika ba ni, aikin kuwa yana son lokaci. Janye dawakaina kaɗai ba zai sa Bikili ya ci ba, don ko wane baƙo ya shigo zai wuce shi. Sai da na nemo dawakai tara da suka fi shi lalacewa, wannan kuwa ba ƙaramin nema ba ne. Na cike gurabe da su, na bar masa guda. Jiya Juma'a an yi gasa, Bikili ya zo na ɗaya. Ina taya Baffa murna, a ƙarshe dai ya hau.

Takardarki ta biyu sai yau Asabar ta iso, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kin ga illar mutum ya roƙi abu yau, gobe ya ce ya fasa. Ni dai abin da ƙanwata ta nema da hawaye na yi, in da laifi sai ki nemi mai shi a kusa.

Maganar tsere da makon jiya ta ba ni dariya. Da ma haka ne, in mutum ya rasa wanda zai wuce sai ya ce da kansa yake yi. Da ya koya wa mahaifina wannan hikimar da ta yi masa amfani.

Ki rubuto mini yadda aka yi da kofin ya fito. Wa da wa suke wajen, me ya ce, yaya fuskarsa ta yi. Kada ki taƙaita, ina so in ji dalla-dalla.

Nasiru

Kurugu
Satumba

Nasiru,

Salamu alaikum, don sallama hakkin Musulmi ce. Ka ce kana so ka ji dalla-dalla, to ga shi, ka zauna ka ji daɗinka.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a mutane suka shigo gaishe shi kamar yadda suka saba. Akwai Malam Kabir, da Liman, da tsofaffi biyu da suka yi aikin dagaci tare. Baba yana jingine da matashi, na sa masa farar riga, don da safe ya ce yana jin yau za su taɓa arba'in da bakwai. Sai wayar ta yi wani kiɗa da ba mu taɓa ji ba, kofi ya cika fuskarta, ga Bikili a tsaye an rataya masa fure. Ɗakin ya kaure. Liman yana cewa masha Allah, tsofaffin suna "Magatakarda ya dawo!" Baba ya yi dariya da rabin bakinsa, hawaye yana bin gefen da ba ya motsi. Rabona da ganin haƙoransa tun kafin ya faɗi. Ni kuwa ina bakin ƙofa, na san abin da ya faru.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya ce, "Tsaya. Maki." Ya danna da yatsansa, idonsa bai gani sosai ba don hawaye, sai ya miƙa wa Malam Kabir ya ce ya karanta. Malam Kabir ya gyara tabarau ya ce Bikili arba'in da biyar. Baba ya ce, "Ya ragu. To wa ya wuce?" Malam Kabir ya ci gaba da murya sama, irin ta aji. Na biyu maki goma sha huɗu, sunansa Ɗan Gurgu. Na uku goma sha biyu, Ɗan Gurgu. Sai a na huɗu ya ji abin da bakinsa yake faɗa, ya dakata da karatun. Baba ya ce ya ƙarasa. Ya ƙarasa, har dawakai tara masu suna ɗaya, duka daga barga ɗaya, Bargar Ilu. Ba wanda aka taɓa kai wa horo, ba wanda aka ba abinci.

Tsofaffin nan biyu suna dakalin ranar da Baba ya hana ka hawa, na gani a fuskarsu. Ɗaya bayan ɗaya suka nemi takalmansu.

Da ɗakin ya zama daga ni sai shi, bai yi maganarka ba. Ni ya kalla ya ce, "Ke kika roƙe shi?" Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Ya ce, "Kin kai ni bara." Iyakar abin da ya faɗa mini ke nan, kuma ita ce magana ta ƙarshe da ya yi da ni kai tsaye har yau.

A wasan akwai inda ake sallamar doki, wanda in an danna ba ya dawowa, kai ka fi ni sani. Wayar ta tambaye shi har sau biyu ko ya tabbata. Da yatsan nan guda ya amsa mata duka biyun, sannan ya tura ta ƙarƙashin gado.

Na tari Sabi'u a kasuwar Rogo na tambaye shi ranar da ya ba ka takardata. Ya ce Laraba da hantsi, a hannunka, a gabansa ka buɗe ka karanta, har ka saya masa lemo. Ban tambaye shi don in kama ka ba. So nake in ji ko akwai wani ɗan wuri da zan tsaya in ce ɗan'uwana bai sani ba. Babu.

Nawa laifin na ɗauka, ni na nuna maka inda za ka soka. Yanzu in na shiga da kwano sai ya rufe ido. Inna Talatu ce take samu ya karɓi cokali biyu ko uku na kunu, wani lokaci ko wannan babu. Hannun da muke ɗagawa ya hana a taɓa. Likita ya zo ya yi faɗa, ya ce in aka ci gaba haka sai dai a kai shi asibiti a sa masa robar abinci ta hanci, Baba ya ce ba inda za shi. Maigidana ya aiko in koma, na ce ba yanzu ba, ko da yake ban san amfanin zamana ba.

Jiya da Inna Talatu ta gaya masa Sabi'u zai tashi, ya ba ta saƙo ta ba ni in rubuta maka, ga shi yadda ya faɗa. Ya ce yana gaishe ka. Ya ce maganar da ya yi a ƙofar gida ya tuna ta, kuma shi ya faɗe ta. Ya ce a tambaye ka, ya ishe ka haka ko da saura? In da saura, wai ka hanzarta, don ba ya jin zai iya jiranka da daɗewa.

Juwairiyya